Haƙurin da Na Ba Alhaji

Har gobe ban manta da ranar da Madam Ronke ta ɗauki jakarta ta nufi ƙofa saboda kalma biyu da suka fita daga bakina ba. Ku da kuka fara aiki kwanan nan kun tarar da abubuwa a tsare, kuna zaton haka ake yi tun asali. To, ba haka ba ne. Tunda kun dame ni da tambayar abin da ya sa nake harararku duk lokacin da na ji kun ce wa mace "yi haƙuri" a ɗakin awo, ku gyara zama ku ji.

Sunana Larai. A nan Agege ta Legas aka haife ni. Mahaifina mahauci ne a abbatuwa har Allah ya karɓi ransa, yayana kuma ya gaji sana'ar. Ni ce na ɓalle na yi makarantar koyon aikin lafiya, aka ɗauke ni a ƙaramin asibitin gwamnati na unguwa a matsayin ma'aikaciyar lafiyar al'umma. Ga wanda bai san tsarin ba, Matiron ce babba, ita ke riƙe da asibitin. Ƙarƙashinta akwai nas-nas da ungozoma, sannan mu, masu auna nauyi da hawan jini, da allurar rigakafi, da shiga gida-gida. Ni kuma ina da wani aikin da ba a rubuta a takardar ɗaukata ba, wato tafinta. Yawancin abokan aikina Yarabawa ne, matan da ke zuwa awon ciki kuwa da yawansu namu ne, wasu ma bai daɗe da aka kawo su daga Arewa ko daga Nijar ba, babu Turanci babu Yarbanci. Da an ji mace ta ce "ban gane ba", sai a ƙwala mini kira.

Wata damina Matiron ta kira ni ofis. Ta ce an turo umarni daga sama, kowane asibiti ya aika ma'aikata taron bita a kan yadda ake karɓar matar da ake duka ko ake gallaza wa a gida.

"Ke za ki, Larai," in ji ta.

Na ce, "Ma, ni me ya haɗa ni da wannan? Faɗan miji da mata ai na liman ne da dattawan unguwa."

"Shi ya sa za ki."

Ba zan ɓoye muku ba, na tafi ne da niyyar in sa hannu, in ci shinkafar da ake rabawa da rana, in dawo. A babban ɗakin taro na ƙaramar hukuma aka yi. An haɗa mu da 'yan sanda, da malaman makaranta, da jami'an walwalar jama'a, wato ofishin da ke kula da matsalolin iyali da yara. Mai koyarwar babbar jami'a ce daga can, Madam Ronke. Gajeriya ce mai furfura, da takalmin roba irin na damina. Ba ta karɓi makirfo ba, amma har na bayan ɗaki yana jin ta.

Abin da ta fara dasa mana shi ne a ga mace ita kaɗai. Ba miji, ba uwar miji, ba ƙanwar miji, ko da kuwa su suka kawo ta. Kuma kada a yarda miji ko danginsa su zama tafinta, don abin da zai iso kunnenki shi ne abin da suka ga dama. Ta hana mu tambayar "me kika yi masa?" Wani ɗan sanda mai tumbi ya ɗaga hannu ya ce in ba a tambayi haka ba ta yaya za a san mai gaskiya. Ta ce masa, "Ofisa, in an kawo maka wanda ɓarayi suka sara, kana tambayarsa me ya yi musu?" Ya sauke hannunsa a hankali. Ta ce kada mu kira miji mu ce za mu yi sulhu a ɗakin magani, don mu za mu tashi aiki mu tafi gidajenmu, ita kuma da shi za ta kwana. A rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi. A tambaye ta ko tana jin tsoron komawa gida yau. A gaya mata wuraren da za ta iya zuwa, ofishin walwala, ko sashen iyali na 'yan sanda, ko gidan da ake sauke mata na ɗan lokaci. Sannan a bar ta ta zaɓa. In ta ce ba komai, kada a matsa, a dai nuna mata cewa in ta dawo za a saurare ta.

Duk wannan na ji, na gyaɗa kai. Rigimar ta taso ne rana ta biyu, da aka zo gwaji. Mutum ɗaya zai zama ma'aikaci, ɗaya ya zama wadda ta kawo ƙara. Madam Ronke ta duba sunaye ta ce, "Larai, fito." Ta ajiye kujera biyu, ta zauna a ɗaya, ta rungume jakarta, ta sunkuyar da kai. Ina shirin harhaɗa Turancina sai na ji ta ce, da Hausa tsantsa, "Anti, sannu da aiki."

Na saki baki. Ashe a Sabon Garin Kano ta tashi, uwarta na sayar da atamfa a can. Hausarta ma ta fi tawa tsabta, ni da nake cakuɗa ta da Yarbanci da buroka.

Ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Jiya maigidan ya dake ni. Har yanzu ba na iya ɗaga hannun nan."

Wallahi yadda ta faɗa sai da na ji tausayi ya kama ni, na manta wasa ake. Na ce, "Ayya. Yi haƙuri, kin ji? Yi haƙuri."

Sai ta miƙe, ta rataya jakarta, ta nufi ƙofa.

Na ce, "Madam, ina za ki?"

Ta ce, "Gida. Kin ce in yi haƙuri, na yi."

Waɗanda ba sa jin Hausa suka fara tambayar me aka ce. Ta fassara musu. Kun san ni, ba a ƙure ni a gaban mutane in yi shiru. Na ce, "Madam, mu haka muke jaje. Wanda aka yi wa rasuwa haƙuri muke ba shi. Wanda kayansa suka ƙone haƙuri. Ko ƙafar mutum na taka a motar haya ta danfo haƙuri zan ba shi. Kuma haƙuri abu ne da addini ya yaba, ba zagi ba ne."

Ba ta ji haushi ba. Ta dawo ta zauna ta ce, "Ban zagi haƙuri ba, Larai. Ni ma da shi na kai ga furfurar nan. Amma ki yi tunani. Kafin matar nan ta iso gabanki, ta kira uwarta a waya. Me uwar ta ce mata?"

Na ce, "Ta yi haƙuri."

"Uwar mijin fa? Maƙwabciya fa? Duk wanda ya faɗa mata haka, a nan maganar take mutuwa, ta share hawaye ta koma ɗaki. Ke kina nufin kin tausaya mata. Ita abin da kunnenta ya saba ji a cikin kalmar shi ne ta rufe baki ta koma. Ba ta shigo asibitin gwamnati don ta sake jin abin da ta baro a gida ba."

Na buɗe baki zan sake musu, ta tare ni. "Kina jin Yarbanci. In yaro ya faɗi a gabanki me kike ce masa?"

"Pele."

"Kina ce masa ya yi suuru?" Suuru shi ne haƙuri a Yarbanci.

"A'a."

"To da Hausa fa?"

Na ce, "Sannu."

"Ashe kuna da ita," in ji ta. "Mu sake."

Muka yi ta sakewa. Ta koya mini in ce sannu, in ce na ji ki, in ce ba wanda ya cancanci a yi masa haka, in tambaya me kike so a yi. Abu kamar da sauƙi, amma bakina ya ƙi. Ina tsakiyar magana sai haƙurin ya kuɓuce, ita kuma ko kallona ba ta yi, sai dai ta miƙa hannu wajen jakarta, ɗaki ya ɗauki dariya. Kafin a tashi taron, ɗan sandan nan mai tumbi ya laƙaba mini Madam Hakuri, har yau in mun haɗu a hanyar Iyana Ipaja haka yake kirana. Ranar rufewa Madam Ronke ta ba mu lambar wayarta ta ce, "Ba ta ado ba ce. In abu ya fi ƙarfinku ku kira."

Da na koma na kwashe komai na gaya wa Matiron. Allah ya saka mata, ba ta yi wasa da maganar ba. Ta sa aka kwashe kwalaye daga ɗan ɗakin da ke jikin banɗakin mata, aka sa kujera biyu da tebur, aka mayar da shi wurin gwajin fitsari. Gwajin gaskiya ne, kowace mai ciki ana yi mata, amma amfaninsa na biyu shi ne babu namijin da zai ce sai ya bi matarsa can. Ni kuma na shiga yaƙi da harshena. Kullum in ji kalmar ta taso in haɗiye ta, har na ji kamar ta taru mini a ƙirji.

Damina ba ta ƙare ba abin ya zo. Ranar Talata ce, ranar awo, ana yayyafi, benci cike da mata. Sai ga Alhaji da matarsa. Ba zan faɗi sunansa ba, ita kuma zan kira ta Hadiza, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Alhaji dillalin shanu ne, abokin cinikin yayana, duk babbar sallah sai ya aiko mana da cinya guda. Ranar da mahaifinmu ya rasu yana cikin waɗanda suka ɗauki makara. Hadiza daga wajen Maraɗi ya auro ta, mace mai sanyin murya, ba ta da kowa a unguwar. Shi yake kawo ta awo da kansa a mota, ya shiga da ita wurin ungozoma, ya yi mata tafinta, don Yarbancinsa kamar a bakinsa aka ƙera shi. Matan benci har sha'awa suke yi, suna cewa ga miji. Cikinta wata bakwai. Na kuma san ta taɓa yin ɓari da babban ciki, an ce zamewa ta yi a banɗaki.

Na ja hannun hijabinta zan ɗaura abin awon jini, sai ta zabura ta cije leɓe. A damtsenta akwai shatin yatsu, ya yi baƙi. Kafin in ce komai Alhaji ya ce, "Faɗuwa ta yi. Tayil ɗin banɗakin nan sai na sa an cire shi, santsi gare shi." Jininta kuma ya hau sosai.

Na rubuta abin da na gani, na ce, "Hadiza, taso mu je gwajin fitsari. Alhaji, yanzu za mu fito."

Da muka shiga na tura ƙofa. Ƙofar falanki ce mara nauyi, sakatarta ma ta lalace. Na zaunar da ita na ce, "Akwai tambayar da muke yi wa kowace mace a ɗakin nan, kuma abin da kika faɗa ba zai je kunnen kowa a unguwa ba. Akwai wanda yake dukanki ko yake tsorata ki a gida?"

Ta dubi ƙasa. "Lafiya lau, Anti."

"Hannun nan fa?"

"Zamewa na yi."

Na ɗan jira. Ta sake cewa lafiya lau. Na tuna an ce kada a matsa. Na ce mata to, duk ranar da take son magana ɗakin nan yana nan, ni ma ina nan. Raina bai so ba, don na ga yadda take dafe gefen cikinta, amma ba ni da ikon buɗe mata baki. Na miƙa mata 'yar robar gwaji ke nan sai aka buga ƙofa.

"Hajiya Larai," muryar Alhaji ce, da 'yar dariya a ciki, "wannan fitsari ko na raƙumi ne ai ya isa haka. Ina da shanu a kasuwa."

Na ga ƙofar ta fara motsi. Na yi wuf na fita, na ja ta a bayana, na tsaya a bakinta.

"Alhaji, yi haƙuri, nan maza ba sa shiga."

"Matata ce fa."

"Na sani. Yi haƙuri."

"Ba ta jin Yarbanci. Wa zai yi mata bayani?"

"Ni da Hausa aka yaye ni, Alhaji. Yi haƙuri ka ɗan zauna a benci."

Dariyar ta ɓace daga fuskarsa. Ya rage murya ya ce, "Larai, ni kike ce wa in zauna a benci? Ni da na ɗauki makarar mahaifinki?"

Ba ƙarya ya yi ba, kuma duk matan benci sun zuba mana ido. Na ce, "Ban manta ba, Alhaji, Allah ya saka da alheri. Amma yi haƙuri."

Duk haƙurin da na tara a ƙirji tun daga taron bita, ranar na juye masa shi. Ya ce kaza, in ce yi haƙuri. Ya ce zai kai ƙarata, in ce yi haƙuri. Ban ɗaga murya ba, ban kuma matsa daga ƙofar ba. Sai ga Matiron ta fito ta tsaya kusa da ni, ta harɗe hannu, ta ce masa da Yarbanci dokar tata ce, mai ƙorafi ya same ta a ofis. Ya dube mu, ya juya ya fita baranda yana latsa waya.

Na koma ciki. Abin da na tarar bai taɓa fita daga idona ba. Hadiza ta cire hijabi ta ninke a kan tebur, ta ɗaga gefen rigarta. Daga haƙarƙari har gefen ciki jini ya kwanta.

Ta ce, "Anti, ba zamewa na yi ba. Wancan karon ma ba zamewa ba ne."

Kalmar nan ta taso mini har bakin haƙora. Na danne ta. Na durƙusa a gabanta na ce, "Sannu, Hadiza. Sannu. Na ji ki."

Sai kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba sauti, kafaɗu kawai ke rawa. Na bar ta ta yi. Da ta lafa ta ba ni labari, na rubuta da kalmominta, ban ƙara ban rage ba. Sannan ta faɗi abin da ya fi tayar mini da hankali: tun shekaranjiya da abin ya faru, motsin ɗan ya ragu.

Na kira ungozoma ta shigo da abin sauraro. Ta daɗe tana laluben cikin. Can ta ce zuciya tana bugawa, amma da wannan jinin da wannan rauni ba aikin ƙaramin asibiti ba ne, sai babban asibiti, yau ɗin nan. Na tambayi Hadiza me take so a yi.

Ta ce, "Kada a mayar da ni gidan yau. Na rasa ɗaya. Ina son wannan ya rayu."

Na tambaye ta ko tana da wani nata a Legas. Ta ce akwai gwaggonta a Iyana Ipaja mai sayar da abinci, an hana ta zuwa wurinta, amma ta haddace lambarta.

Nan na ga abin ya fi ƙarfina, na kira Madam Ronke. Ban yi zaton za ta tuna ni ba. Da na ce Larai ce daga Agege sai ta ce, "Madam Hakuri, me ya faru?" Na gaya mata a taƙaice. Ta ce kada a gaya wa mijin komai sai maganar lafiya, wadda gaskiya ce: jini ya hau, sai an kwantar da ita. Kada a bar shi ya ɗauke ta a motarsa. A kira gwaggon in Hadiza ta yarda. Ta ce in raka ta da kaina, za ta same mu a can.

Haka aka yi. Matiron ce ta gaya wa Alhaji, ta ce ƙa'ida ce mai irin wannan jinin a motar asibiti take tafiya, da ma'aikaciya a gefenta. Muna shirin fita wayata ta yi ƙara. Yayana ne.

"Larai, me nake ji haka? Alhaji ya ce kin tsare masa mata, kin wulaƙanta shi a gaban jama'a. Kin san abin da ke tsakaninmu. Don Allah ki yi haƙuri ki sallame su."

Na ce, "Yaya, yau haƙurin ya ƙare a wurina, na ba Alhaji duka. In na dawo ma yi magana."

Ya kashe wayar. Na mayar da tawa aljihu. Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana haka ba.

Ruwa ya tsinke muna hanya, ga cunkoso, danfo ta ko'ina suna ta ham. Hadiza ta riƙe hannuna, can ta ja shi ta ɗora a kan cikinta. Na ji ɗan ƙaramin motsi. Da muka isa, ga Madam Ronke tsaye a bakin ƙofa da lema da takalminta na roba. Ta leƙo ta ce wa Hadiza, "Sannu, 'yata. Kin iso." Bayan an shiga da ita sai ta ja ni gefe ta ce, "Gaya mini gaskiya, kin faɗi kalmar?"

Na ce, "Na faɗa, Ma, har ba adadi. Amma ba ita na faɗa wa ba."

Ta yi dariya har sai da ta dafa bango.

An kwantar da Hadiza har jinin ya sauka, daga nan ta wuce gidan gwaggonta. Yayanta ya zo daga Nijar. An zauna a ofishin walwala, da liman, da dangin ɓangare biyu, Madam Ronke ta karanta musu abin da doka ta ce. Abin da aka yanke tsakaninta da Alhaji nata ne, ba nawa ba ne in baza, kuma ku ma in kun riƙe irin wannan magana haka za ku yi. Abin da zan iya faɗa shi ne ita ta zaɓa, ba a zaɓa mata ba.

Ni ma na ɗanɗana. Yayana ya daɗe ba ya amsa gaisuwata sai da ƙyar. Cinyar sallah ta daina zuwa, har yau. A gidan biki na ji da kunnena ana cewa Larai ta koma kashe aure da albashin gwamnati. Abin ya yi mini ciwo, don a unguwar nan aka yanke cibiyata. Amma a cikin matan nan masu zunɗena, akwai wadda daga baya ta zo awo, ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Anti, ni ma a yi mini gwajin nan na cikin ɗaki."

Bayan wasu watanni, ranar rigakafi, ina cikin cika sirinji na ji an ce, "Anti, sannu da aiki." Na ɗaga kai. Hadiza ce, ta yi ƙiba, fuskarta ta washe, da jaririya a goye. Tun daga Iyana Ipaja ta shigo danfo, ta wuce asibitoci nawa, wai sai ni zan yi wa 'yarta allura. Na karɓi yarinyar, ga ta ɓul-ɓul, ga gashi. Na tsira mata allurar a cinya, ta tsala ihu, ni kuma ban san lokacin da na fara jijjiga ta ina cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, uwata."

Hadiza ta ce, "Anti, ita ma tun yanzu?"

Muka fashe da dariya har nas ta leƙo. Na ce, "Sannu, uwata, sannu. Bakin Antinki ne ba ya jin magana."

Da yarinyar ta yi shiru na tambaye ta abin da ya daɗe yana cina. Na ce, "Ranar nan na tambaye ki, kin ce lafiya lau har sau biyu. Na fita na dawo na tarar kin canza. Me ya faru?"

Ta gyara goyonta, ta ce, "Ƙofar ba ta rufu ba, Anti, ina jin ku. Tun da aka kai ni gidan nan, duk wanda ya ji abin da ke faruwa ni yake ba haƙuri. Innata, da tasa, da matan gida, kowa ni. Ranar ce farkon da na ji an ce shi ya yi haƙuri. Na ce ashe akwai ɗakin da shi ake ba."

Na juya kamar ina neman auduga, don kada matan layi su ga idona.

Madam Ronke ta yi ritaya yanzu, Matiron ma an yi mata canji. Duk sallah ina kiransu in gaishe su, kuma duk lokacin da na ga yarinyar nan, wadda yanzu take gudu a tsakar asibiti tana ja mini riga, sai na yi musu addu'a. Ni na je cin shinkafa ne, suka ba ni abin da ya ceci rai a hannuna. Abin da na koya a aikin nan shi ne mutanenmu ba marasa tausayi ba ne, tausayin ne muke miƙawa da kalmar da ke mayar da mace inda ta fito. Ban daina ba da haƙuri ba, kuma ban ce ku daina ba. Amma kafin ku buɗe baki, ku duba wa ke zaune a kujera da ciwo, wa ke tsaye a bakin ƙofa yana sauri. Ta kujera ku ce mata sannu. Haƙurin ku kai wa na ƙofa.